Kafin A Ɗora Turmi A Mota: Nasiha Ga Samarin Diggi

'Ya'yana da ƙannena na Diggi da sauran ƙauyukan ƙasar Kalgo, maganar ƙaura ta yi yawa a bakinku a 'yan shekarun nan. A majalisar dare, a bakin fadama, har a wajen ɗaurin aure, ba a watsewa sai wani ya ce, "Ƙasar ga ta yi muna kaɗan, mi munka tsaya yi?" Wannan ya ce Mashegu ta jihar Neja, wancan ya ce Borgu, wani kuma ya ce shi labarin Kaiama ta jihar Kwara ya ji, inda ake nuna wa mutum daji a ce ya sare iya ƙarfinsa. Da cin rani kuke nufi da ban ɗauki alƙalami ba, don tun kaka da kakanni ake yinsa: a gama girbi, namiji ya rataya jaka, ruwan shuka ya same shi a gonarsa. Abin da kuke shawara ya wuce nan. Kuna maganar a sayar da gona, a kwance kwanon rufi, a kwashi mata da yara da tsofaffi, a bar wa gari kango.

Ban raina dalilanku ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin rabon gado ya san inda abin yake ciwo. Malam ya zo da igiya, dattawa na biye da shi, a auna gonar da uba ɗaya ya riƙe gida da ita, a fitar da tumunin matansa, a raba saura tsakanin 'ya'ya, namiji kaso biyu mace kaso ɗaya. Kafin la'asar kowa na tsaye a kan 'yar guntuwar da in ya ja kunya kaɗan sai ya tarar da iyakar ɗan'uwansa. A dasa gamba a tsakani, a yi fatiha, a watse. Ga shi kowannensu yana da nasa 'ya'yan da ke tasowa, su ma wata rana igiyar za ta zo musu.

Fadama ce ta daɗe tana rufa mana asiri. Lokacin da Shugaba Buhari ya zo Kabi a watan Nuwamba na 2015 ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance, mutane da dama sun ga alamar hutawa da cin rani, kuma wasu sun huta ɗin. Sai ambaliyar 2020 ta zo, aka ƙiyasta a lokacin cewa ta shanye shinkafar kusan hekta 450,000 a jihar nan. Mutane ba su gama miƙewa ba aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ban-ruwan rani ya koma sai mai ƙarfi. Taki ya yi tsada, jan-baki bai daina zuwa ba, daga baya kuma farashin shanshera ya faɗi, manomi ya sayar da buhu bai mayar da abin da ya kashe ba. Saurayin da ya ga wannan duka ya ce zai nemi wata ƙasa ba raggo ba ne, kuma ba zan kira shi mai butulci ba.

Tafiya ma ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Masuntan Kabi sun bi ruwa har Tafkin Chadi sun kafa tunga. Ba na cikin masu cewa duk wanda ya bar garinsu ya ɓata. Abu ɗaya nake roƙonku: in za ku tafi ku tafi, amma kada ku sayar da gonar gado da filin gida don ku sami kuɗin tafiyar. Kusan duk wani kuskure na ƙaura yana gyaruwa. Wannan ne ba ya gyaruwa.

Malam Abdullahin Gwandu da kansa ya taɓa barin jama'ar Shehu ya nufi gabas, wajen 1807, saboda ransa ya ɓaci da yadda son duniya ya fara shiga zukatan mutane. Ya isa Kano, mutanenta suka riƙe shi ya karantar da su, a nan ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, daga bisani ya juyo. Mutum mai ilmi da azama irin tasa ya ɗauri niyya, ya yi nisa, sannan ya ga komawa ta fi. To wane ne a cikinku zai rantse cewa shi ba zai so komawa ba?

Ku tambayi 'yan'uwanmu na Yawuri da Ngaski abin da tashi yake nufi. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an tayar da mutane kusan 44,000 daga garuruwa da tsibiran da ruwa zai cinye, har tsohuwar Bussa ta nutse. Gwamnati ce ta tashe su, ta gina musu gidaje, ba su biya kuɗin mota ba. Duk da haka Gungawa da suka gaji noman albasa a ƙasar tsibiri suka sami kansu a tudu, a ƙasar da ba su san halinta ba, sai da suka sake koyon noma suna da furfura. Gini an mayar musu, amma ba wanda ya iya mayar musu da sanin inda ruwa ke tsayawa da inda yake wucewa, da sanin wace ƙasa ke son wane iri. Ku ba wanda zai gina muku ko ɗaki ɗaya.

Babbar tambaya ita ce ta ƙasa, kuma a nan nake so ku tsaya ku natsu. Idan aka ce "ana ba da daji kyauta", wa ke bayarwa, kuma da wane sharaɗi? Galibi mai unguwa ko dagaci ne zai karɓi goro ya nuna maka wuri. Wannan aro ne, ko da ba a furta ba. Kai za ka sare itatuwa, ka tumɓuke kututture, ka yi fama da tofa, ka kai shekara uku kafin gonar ta kwanta. Ranar da ta kwanta ta yi kyau, ranar ce ɗan mai ƙasa zai tuna cewa kakansa ya taɓa noma wurin. Ba lallai mugunta ce ta sa shi ba. Shi ma 'ya'yansa sun girma, shi ma igiyar rabo ta zo gidansu. Sai a ce maka ka matsa gaba, a nuna maka wani sabon dajin. Akwai mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu suna share wa wasu gona ta wannan hanya.

Doka tana da nata bayanin. Tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama da mallakar fili a duk inda ya so a ƙasar. Amma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin riƙe gona a karkara. Goron da ka ba dagaci ba shi ne wannan takardar ba. Kuma a wajen Borgu da Zugurma akwai gandun dajin Kainji na gwamnatin tarayya, ban da gandayen dajin jiha da burtali da makiyaya. Ana iya nuna wa baƙo wuri a cikin irin waɗannan ba tare da ya sani ba, ya yi shuka, ma'aikatan daji su zo su ce ya tashi, ko garke ya biyo hanyarsa ta tun fil azal ya tarar da masara a tsaye. Duka biyun baƙon ne a ƙasa. Kafin ka kai sara ɗaya, ka tambaya a gaban shaidu: aro ne, haya ce ko saye? Shekara nawa? Dami nawa ko buhu nawa za a kai wa mai ƙasa? An yarda in dasa mangwaro ko kashu? Wannan ta ƙarshe ita ce ke tona gaskiya, don duk inda aka hana ka dasa itace, an gaya maka ke nan cewa ba a sa ran daɗewarka.

Noman ma ba ɗaya ba ne. Ruwan sama a wajenmu bai cika wuce milimita 800 a shekara ba, can kuwa ya haura 1,000, damina ta fi tsawo. Abin sha'awa ne a kunne. Amma geron da kuka saba da shi yana nuna ruwa bai ɗauke ba, ya yi baƙi a zangarniya. Ciyawa tana fin ƙarfin hauya, sai da maganin feshi, shi kuma kuɗi ne. Masara da waken suya da doya kowanne da iliminsa. Shanun huɗar da kuka tafi da su suna iya haɗuwa da tsando, sammore ya kama su. Kuma ku tuna da abin da kuke bari: a fadamar gulbin nan namu mutum yana haƙa 'yar rijiya ya sa inji ya noma shinkafa ko albasa da rani, ya ci amfani sau biyu a shekara. Ba kowane daji ke da wannan ba. Eka ɗaya ta fadama mai ruwa a kusa tana iya fin eka biyar ta tudun da sai damina.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ruwa ya afka wa Mokwa ta jihar Neja da asuba ya kashe mutane fiye da 150, kuma Unguwar Hausawa na cikin wuraren da abin ya fi yi wa ɓarna. Allah ya jiƙansu. A Diggi ko yaro ya san kwarin da ba a gini a cikinsa, don ya ji daga bakin kakarsa. A baƙon wuri sai ka tambaya, kuma wanda ya zo da rani ba ya ganin hanyar ruwa.

Batun tsaro ba sai na tsawaita ba, kuna jin rediyo. A 2021 kaɗai an kwashe ɗalibai a Kagara da Tegina a jihar Neja, da Birnin Yawuri a tamu jihar. A watan Nuwamba na 2024 Lakurawa sun kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Ba inda ya tsira sarai. Sai dai tungar baƙi mai gida biyar a tsakiyar daji, nesa da titi, ba ta da ƙarfin garin da kowa ya san kowa, kuma idan rikici ya tashi tsakanin 'yan ƙasa da wasu, baƙo ake fara zargi.

Akwai kuma abin da ba ya bayyana sai yara sun girma. Ɗanka da aka haifa a can, ranar da zai nemi shiga soja ko ɗan sanda, ko tallafin karatu, ko gurbi a jami'a, za a ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Sau da yawa can ba za su ba shi ba, sai ya dawo Kalgo. Zai zo wurin mai unguwa da hakimi, a tambaye shi ɗan wane gida ne. In gidan na nan, ko da ɗaki ɗaya ne da baffansa a ciki, magana ta ƙare. In kuwa an sayar, wani ya rushe ya gina nasa, dattawan da suka san ubansa sun rasu, yaron nan zai tsaya yana rantsuwa a garin kakanninsa. Ga shi jami'ar tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013, a ƙasar Kalgo mazauninta yake, ga babban asibiti a Kalgo. Kakanninku ba su sami wannan kusancin ba. Ku sa shi a ma'auni, ku tambayi nisan tungar da za ku da asibitin da ake yi wa mace aiki in haihuwa ta zo da gardama.

Baƙunci yana daɗewa fiye da yadda kuke zato. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da jama'a har Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa yana nan da sunansa. Hausawan Sudan sun haura shekara 100 a can, sun yi noma, sun yi ciniki, sun haifi malamai. Amma a 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu kan ƙasa da sarauta, aka rasa ɗaruruwan rayuka, kuma abin da ake faɗa musu shi ne ƙasar ba tasu ba ce. Jihar Neja ba Sudan ba ce, mutanenta 'yan'uwanmu ne, da yawansu sun karɓi baƙi hannu biyu. Na kawo wannan ne don ku san cewa shekara goma ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa a idon kowa.

Yanzu bari in juyo cikin gida. Shawarar ƙaura a zaure ake yanke ta, amma a tsakar gida ake jin nauyinta. Ranar tashi ku dubi abin da ke hawa mota: kwano, ƙyaure, gado, turmi da taɓarya, tukwane, awaki a ɗaure, kaji a akurki. Rumbu ba ya hawa, rijiya ba ta hawa, tsamiyar ƙofar gida ba ta hawa. Matarka tana barin masu sayen ƙuli-ƙulinta da furarta, tana barin adashinta, da ungozomar da ta saba da ita, da gidan iyayenta da take zuwa wankan jego. Kai kana isa za ka sami abokan hira a masallaci da kasuwa. Ita za ta zauna a bukka, ruwa da nisa, maƙwabta da wani yare. Ka zaunar da ita ka tambaye ta tun magana tana ɗanya, ba ranar da direba ya karɓi kafin alƙalami ba.

'Yan'uwanku mata kuma suna da haƙƙi a gonar nan. Sau da yawa ba a fitar musu da kasonsu, ana cewa yana hannun yayansu, ana kai musu dami da kaka. Idan yayan ya sayar da gonar dungurungum ya tafi, ya ci haƙƙin da Allah ya yanka musu, kuma ya toshe wa wadda aurenta ya mutu ƙofar da za ta dawo. Haka abin yake ga marayun ɗan'uwa. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi, wanda ya sayar wa bare kasonsa a gonar da ba a raba ba, abokan tarayyarsa na da haƙƙin shuf'a, su biya kuɗin su karɓe. Gidaje da yawa sun rabu a gaban alƙali a kan wannan, mai sayarwa yana can wata jiha kuɗin sun riga sun ƙare.

Kuɗin gona kuwa saurin ƙarewa gare su. Mota ta ci, ginin bukka ya ci, goron masu ƙasa ya ci, abincin watannin da ba a girbe komai ba ya ci, ciwo ɗaya ya share saura. Na ga magidancin da ya dawo bayan wasu shekaru, iyalinsa suna raɓe a zauren ɗan'uwa, shi kuma yana ƙwadago a gonar da ubansa ya mutu ya bar masa. Yana cikin noma yana nuna wa sauran 'yan ƙwadago inda rijiyar ubansa take da. Wanda ya saya bai zalunce shi ba, ciniki aka yi da shaidu, kuma ko da zai yarda ya mayar, farashin ya ninka.

Kun fi ni sanin cewa ba a cire irin shinkafa daga wurin reno sai fangalin da za a dasa ya sha ruwa. Haka nake so ku yi da gidajenku. Mutum ɗaya ko biyu su fara zuwa, masu ƙarfi da hankali, su sauka a wurin wani namu da ya daɗe a can. Kada su tafi da rani su dawo da labari. Su yi damina cikakkiya, su ga watan Agusta da idonsu, su ga hanya in ta yanke, su ga zazzaɓi, su girbe su auna, su cire abin da suka kashe. Su nemi waɗanda suka je suka dawo, su ji dalilinsu, don wanda abin ya karɓa ne kawai ke zuwa gida da sabon babur a gan shi. In damina biyu sun yi kyau, an kuma sami takarda a kan gonar, sai a ɗauki iyali ɗaya. Kuɗin wannan gwaji su fito daga cin rani, ko ɗan bijimi, ko amfanin rani, ba daga ƙasa ba.

Gonar gida kuma a bar ta a hannun ɗan'uwa aro, ko a ba da ita haya shekara-shekara. Jinginar da mai ba da kuɗi ke cin amfanin gona har sai an biya shi, malamai sun daɗe suna jan kunne a kanta, kuma sau da yawa sayarwa ce ta bayan gida, don kuɗin fansa ba sa haɗuwa. Ko aro ne ko haya, a rubuta, mai unguwa da liman su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Kada kunya ta hana ku, ko da wa da ƙane ne. Akwai abin da alƙalai ke kira hauzi: wanda ya daɗe yana riƙe da gona, mai ita yana gani bai yi magana ba, yana iya kafa hujja da daɗewar. Ku biyu kun yarda da juna, amma 'ya'yanku ba su ji alkawarin da kuka yi ba. Kuma duk kaka a riƙa zuwa ana karɓar ko dami ɗaya ne, don gari ya ci gaba da sanin mai gonar.

Akwai lokacin da tashi ke zama dole, ban musa ba. In rai na cikin haɗari, ko gida na kan hanyar ruwa duk shekara sai ya rushe, ba a jiran damina biyu. Amma ko a nan, a fara duba tudun da ke kusa, ko Kalgo, ko Birnin Kabi, inda mutum zai iya kwana can ya yini a gonarsa, kafin a yi maganar wata jiha.

Saura tsofaffi. A kusan kowane gida akwai Inna ko Baba da za su ce, "Ku tafi, ni nan za a rufe ni." Kada ku ɗauka rigimar tsufa ce, kuma kada ku ɗora su a mota suna kuka. Kada kuma ku tafi duka ku bar su da jika ɗan shekara goma. Ku zauna ku 'yan'uwa ku fitar da wanda zai tsaya, ku yarda tun yanzu cewa shi zai noma fadamar, waɗanda suka tafi kuma su riƙa aiko da kuɗin taki da na mai a kan lokaci, kafin a fara reno, ba bayan shinkafa ta yi ja ba.